Baƙon da Ke Gyara Allon Auta

Shafi na 9

Masu cika min waya da "a ci gaba, a ci gaba", na ji ku. Ku zauna ku natsu. Wanda ya shigo yau, ga inda aka kwana.

Auta, 'yar autar Inna da Kafinta, tana koyar da Hausa a wata cibiyar harsuna a cikin gari. Ɗalibanta manya ne, likitoci da ma'aikatan jinya baƙi da aiki ya kawo su. Ta haɗa musu darasi a kan farin allo na intanet, irin wanda mutane da yawa ke buɗewa lokaci ɗaya, kowa daga wayarsa, ya ja abu ya ajiye. Sai wani ya riƙa shiga yana lalata mata darasin. Ita kuwa ba ta faɗa a gida ba, don kar hankalin tsofaffi ya tashi.

Da safen nan Inna ta gama shara, ta wanke kwanuka ta kife, ta shanya tsumma a igiya. Ta goge hannu a gefen zani, ta jawo 'yar kujerarta ƙofar kicin, ta ɗauko babbar wayar nan mai faɗin faranti, tsohuwar da Auta ta bar mata don ta riƙa ganin jikoki.

Akwai aikin da ya rage mata. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, don ba ta ɗauke shi abin faɗa ba.

Ta taɓa fuskar wayar, allon ya bayyana. Ran da Auta ta gama haɗa shi ta buɗe mata a nan don ta gani, kuma tun daga ranar ba wanda ya rufe. Ɗakuna huɗu aka zana a jiki: kicin, ɗakin kwana, tsakar gida, da shagon kafinta. Hotunan kuwa duk na kayan gidan nan ne. Ga tukunyarta mai lotsattsen gefe, ga muciyarta, ga butar da murfinta ya ɓata, ga takalmin maigidan da ya ƙi yarwa. In ka taɓa hoto sai murya ta faɗi sunansa, kuma muryar ta Inna ce. Auta ta zaunar da ita ta ɗauka, ta sa ta maimaita "tsintsiya" har sai da Inna ta ce ita fa ba aku ba ce.

Amma fa ta ji daɗi. Babu wanda bai sani ba a layin. Mai kayan miya ya sani, mai niƙa ya sani, maƙwabciyarta mai sayar da ƙanƙara ta ji labarin har ta haddace. Inna takan ce ita da ba ta taɓa zama a aji ba, yau likitoci ne ke koyon magana a bakinta, kuma 'yar da ta goya ce ta yi wannan aiki da kanta, ba wanda ya kama mata. Har suna ya bi ta, Innar Malama. In an kira ta da shi takan yi kamar ba ta ji ba, don a sake kira.

Abu ɗaya ne ke ɓata mata rai da allon. Kullum in ta buɗe sai ta tarar da kaya a watse a tsakiya, kamar an yi ɓarin kwando. Yau ma haka. Takalmi a kan faranti. Tsintsiya a jikin matashin kai. Ludayi can kusa da bokitin wanka.

Inna ta ja tsaki.

Yarinyar nan ba za ta canza ba. Tun tana ƙarama haka take, inda ta tuɓe nan za ta bari. Ga kai, ga ilimi, amma ajiye abu a muhallinsa ya gagare ta. Yanzu likitoci su kalli wannan su ce haka gidan uwarta yake?

Ta sa yatsa ta ja tukunya ta kai kicin. Ta kai muciya da ludayi. Ta kwashe takalma ta jera su bakin ƙofa, hancinsu na kallon waje. Ta mayar da bargo kan gado, ta jingine tsintsiya a bayan ƙofa. Kayan shago kaɗai ta bari a inda suke. Tun tana amarya ta taɓa gyara wa mijinta shago sau ɗaya, ya yini yana neman awartaki yana huci, daga ranar ta sha alwashin ko ƙusa ba za ta ƙara ɗaga masa ba. Ko a hoto.

Ba ta taɓa yi wa Auta faɗa a kan wannan ba. Yarinya ta girma, ta zama malama, uwa sai dai ta bi baya ta rufa asiri.

Tana cikin duba aikinta sai Auta ta fito a shirye, jaka a kafaɗa, ido a kumbure. Ta wuce shayin da aka zuba mata ko kallo ba ta yi ba. Daga shagon da ke manne da gidan ana jin ƙarar zarton Kafinta.

Inna ta tura wayar ƙarƙashin mayafi, ta ce mata ta dawo ta zauna. Wannan fuskar ba ta zuwa aiki ba ce.

Auta ta yi ta noƙe-noƙe, daga baya ta zauna a bakin rijiya ta fashe. Ta ce yau za a yi zama a ofis a kanta da Doguwa.

Doguwa ba baƙuwa ba ce a gidan nan. Tare suka yi makaranta da Auta, tare suka samu aiki. A ƙofar kicin ɗin nan Inna ta sha yi mata kitso tana kuka tana cewa an ja mata.

Auta ta ce wani ne ke shiga allonta yana ɓata mata darasi. Ɗalibai kowa da sunansa yake bayyana in ya shiga, wannan kuwa ba suna, "Baƙo" kawai ake gani, da 'yar kibiya rawaya. Ranar da mutanen asibitin da ke turo ɗaliban suka zo duba aji, ta buɗe allo a gabansu ta tarar ba abin da za a yi, ta tsaya tana inda-inda kamar wadda ba ta shirya ba. Kuma a cikin malamai Doguwa kaɗai ta ba wa linkin da ake shiga da shi ba suna. Doguwa ta roƙe ta ta bar ta ta yi amfani da allon a nata ajin, ita ta ce a'a, ta dai duba, sai ta gama gyara shi. Suka yi cacar baki a kai. Da abin ya ishe ta, sai ta miƙe a taron malamai ta ce Doguwa ce.

"Kin gan ta da idonki?" in ji Inna.

"Ban gan ta ba. Amma wa zai yi in ba ita ba?"

Shugabar cibiyar kuwa ba ta wasa da irin wannan. Ta ce yau za ta yanke. In Doguwa ce, Doguwa za ta tafi. In kuma ƙazafi ne, wadda ta yi ƙazafin za ta ajiye makullin ajinta, aiki ya ƙare.

Inna ta ce Allah ya tona asirin mugu, ko wane ne. Ta tambaya wai me yake yi ne, gogewa yake yi?

"Ai da gogewa yake yi da sauƙi, Inna. Jerawa yake yi."

"Jerawa?"

Auta ta ce ita da gangan take watsa kayan. Darasin ke nan. Ɗalibi ya taɓa hoto, ya ji sunansa, ya yi tunani, ya ja shi zuwa ɗakin da ya dace. Kullum da yamma sai ta zauna ta hargitsa su da kyau, ta sa takalmi kusa da faranti don su yi dariya su tuna. Kafin a shiga aji sai ta tarar an kwashe kusan komai an adana. An yi wa ɗalibai aikinsu tas.

Wayar da ke ƙarƙashin mayafin Inna ta yi mata nauyi a cinya.

"Takalman," ta ce a hankali, "ina yake ajiye su?"

"Bakin ƙofa. A jere. Har juya su yake yi su kalli waje. Mutumin nan yana da lokaci."

"Tsintsiya fa?"

"Bayan ƙofa."

Sai Inna ta zaro wayar ta ɗora a gwiwa.

"Auta, wannan da yake cikin wayata, ba hotonsa ba ne kawai kika sa min?"

"Allo ɗaya ne, Inna. Duk wanda ya taɓa a ko'ina, kowa zai..."

Maganar ta maƙale. Auta ta dubi fuskar wayar. Kicin tsaf, ɗakin kwana tsaf, takalma a jere, ga 'yar kibiya rawaya a tsaye inda yatsan uwarta ya bar ta.

Zarto na ta tafiya a shago.

Auta ce ta fara motsi. Ta rufe fuska da tafin hannu, ta yi wata dariya wadda ba ta daɗi ba, ta koma kuka. Ta ce shi ke nan, ta kashe kanta da bakinta. Can ta ɗago, muryarta ƙasa-ƙasa, ta ce ai ba wanda ya sani. A rufe shafin a wayar nan, Baƙo ya daina zuwa. Ita za ta je ta ce ba ta da hujja amma tana nan a kan zarginta, ƙila Shugaba ta raba su da gargaɗi kawai.

"Inna, in kika faɗa, ni za a kora."

Kada wani ya ce Inna ba ta ji wannan maganar a ƙirjinta ba. Ta ji. Ta hango kanta tana wucewa ta gaban mai kayan miya, ba mai kiran Innar Malama. Ta tuna yadda yarinyar nan ta yi ta yawon neman aiki har takalminta ya cinye, ta tuna ranar da ta shigo da makullin ajinta tana kaɗa shi kamar wadda aka ba wa mota. Duk wannan, yatsanta ɗaya ya rushe.

Amma ta kuma hango uwar Doguwa, wadda ita ma tana da layinta da mai kayan miyarta.

Inna ta miƙe ta shiga ɗaki. Ta fito da mayafinta na fita unguwa da takalmin da ba ta sawa sai da dalili.

"Tashi mu je."

"Inna..."

"Ni na yi ɓarnar, ni zan faɗa da bakina. Ke kuma kin kira sunan yarinyar mutane a gaban jama'a ba ki gani ba. A gaban jama'a za ki janye. Ban haifi wadda za ta ci abinci da hawayen wata ba."

A nan ne Kafinta ya leƙo, fensir a bayan kunne, garin katako a gemu. Bai ji farkon maganar ba, bai kuma tambaya ba. Abin da ya tsinta kawai shi ne Inna ta taɓa wani abu a waya ya jawo wa Auta matsala a wurin aiki, kuma wannan ya ishe shi. Ya gyara tsayuwa ya ce ai ya sha faɗa, mutum ya tsaya a kan abin da ya sani. Shi ya sa shi ba ruwansa da waɗannan wayoyin na zamani, tasa mai maɓalli ta ishe shi. Wasu kuwa hannunsu ba ya zama wuri ɗaya.

"Kawo ta nan in ajiye," ya ce, "kar ki ƙara wata ɓarnar a hanya."

Da wata rana ce, da Inna ta ba shi amsa daidai da shi. Yau kuwa ba ta tsaya ba. Ta miƙa masa wayar, suka fita.

A motar haya Auta na kallon taga, Inna na kallon hannunta.

Cibiyar a saman wani kantin magani take. Inna ta hau matakala tana dafa bango, ta ƙi yarda a riƙe ta. Wannan ne zuwanta na farko wurin da ta cika unguwa da labarinsa, kuma duk da abin da ya kawo ta, sai da ta tsaya ta dubi ƙofar ajin 'yarta. Kujeru a jere, tagogi a goge. Ta ce a ranta, ashe a nan tana iya gyara wuri.

Ɗakin taron ya cika da malamai. A bango akwai babbar talabijin da ake haska darasi a kai. Shugaba na zaune a kan tebur, 'yar ƙaramar mace mai tabarau, irin waɗanda ba sa ɗaga murya don ba sa bukata. Doguwa na gefe ita kaɗai, ta harɗe hannu, idonta ja. Da ta ga Inna sai ta miƙe ta rusuna ta gaishe ta yadda ta saba, amma ba ta dubi Auta ba.

Wannan gaisuwar ta fi zagi ciwo a wurin Inna.

Shugaba ta ce zaman na ma'aikata ne, amma tun da Mama ta taso, a ba ta kujera. Inna ta ce ta gode, a tsaye za ta yi magana.

"Ranki ya daɗe, Baƙon da kuke nema, ga shi a gabanki."

Ta faɗi komai, ba ta rage ba, ba ta yi wa kanta ado ba. Ta ce ita ta ɗauka hoto ne a wayarta. Ta ga kayan gidanta a watse a gaban manyan mutane, ta kasa haƙuri. Kullum ta gyara, kullum ta tarar an sake watsawa, tana ta jin haushin 'yarta, ashe 'yar ma tana can tana jin haushin mai gyarawa. Wani malami ya yi tari don ya danne dariya. Inna ta dube shi, tarin ya tsaya.

Shugaba ta sa aka haska allon a bango. Tukunyar Inna ta fito ƙatuwa, lotsawarta a fili. Wani ya taɓa ta, muryar Inna ta cika ɗakin: "Tukunya." Malamai suka dubi bango, suka dubi tsohuwar da ke tsaye. Wata ta ce ashe ita ce mai muryar, ɗalibanta ma sun sha tambaya. Inna ta ɗan gyara zaman mayafinta.

Shugaba ta daɗe tana kallon allon. Ɗakuna uku a gyare, kayan shago kuwa suna nan a watse a tsakiya.

"Mama, waɗannan fa? Ba ki kai gare su ba ne yau?"

"Ba na taɓa su. Kayan aikin maigidana ne."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

Shugaba ta cire tabarau ta goge. Ta ce ranar da mutanen asibiti suka zo tana cikin ajin, kuma ta gani da idonta, ɗakuna huɗun duka a jere suke, har da shagon. In Mama ba ta taɓa su ba, to akwai wani hannun.

Idanu suka fara komawa kan Doguwa.

Inna ta gane abin da ya faru. Ƙofa ce ta buɗe wa 'yarta. Abin da Auta za ta ce kawai shi ne, to kun gani, dama na faɗa. Da ta faɗi haka, zarginta ya samu ƙafa, makullinta ya zauna a jakarta. Inna ba ta dube ta ba, ba ta yi mata ko ƙifta ido ba. Ta yi nata. Abin da ya rage na yarinyar ne.

Shugaba ta juya wajen Auta.

"Malama, har yanzu kina kan maganarki?"

Auta ta miƙe. Ta dubi bango, ta dubi ƙasa, sannan ta taka har gaban Doguwa.

"Ban san wanda ya taɓa shagon ba," ta ce. "Amma ban gan ki ba. Ban gan ki a na farko ba, ban gan ki a wannan ba. Haushin maganar da muka yi ne ya sa na kira sunanki. Na hana ki allon don rowa, ba don bai kammalu ba. Na janye, a gaban waɗanda na faɗa a gabansu. Ki yafe min."

Ta juya wajen Shugaba ta ce ta san doka, kuma ba za ta yi gardama ba.

Inna ta dubi 'yarta. Ranar da yarinyar nan ta kawo takardar gama makaranta ta yi murna. Ranar makulli ta yi murna. Amma ba ta taɓa jin irin wannan ba. Da mai kayan miya da mai niƙa da mai ƙanƙara suna nan, da ta nuna musu da yatsa ta ce ku duba da kyau, wannan tawa ce.

Hawaye na bin fuskar Doguwa, hannuwanta a harɗe yadda suke tun ɗazu.

Sai wata malama ta nuna bango.

Kibiya rawaya ta motsa.

Kowa ya gani. Ta taso daga bakin ƙofa inda aka bar ta, ta yi ɗan yawo kamar mai laluben hanya, ta sauka a kan zarto. A samanta an rubuta "Baƙo". Ga Inna a tsaye hannu a cikin mayafi. Ga Auta. Ga Doguwa hannu a harɗe, wayarta a kife a kan tebur.

Kibiyar ta ja zarto ta kai shago, ta juya shi haƙoransa suka kalli bango. Ta koma ta kwaso ƙusoshi ta tura su can ciki, nesa da bakin tebur. Ta ɗauko awartaki ta ajiye a hagu. Ta ɗauko kurfin sassaƙa, shi ma hagu.

Inna ta runtse ido ta matsa kusa da talabijin. Shekara da shekaru tana kallon wannan jerin ta taga ba ta taɓa ba. Mutum ɗaya ta sani a duniya da ke ajiye duk kayan aikinsa a hagu, don bahago ne.

"Auta," ta ce, "kira min ubanki. Sa a sifika."

Wayar ta daɗe tana ƙara. A bango kibiya ta ɗauki guduma, ta taho da ita, sannan aka ɗaga.

"Me kuma ya faru? Ina aiki."

"Wane aiki, Malam?"

"Aikin shago mana. Wane aiki gare ni?"

"Ajiye gudumar nan. Duk makaranta na kallonka."

Guduma ta tsaya cak a tsakiyar allo.

Can muryar Kafinta ta fito, ta yi laushi kamar ba tasa ba.

"Wai ana ganina?"

"Ana ganin hannunka. Kai da ba ruwanka da wayoyin zamani."

Ya fara kame-kame. Ya ce shi fa ba kullum ba ne, sai in ta tafi cefane ta bar wayar a kan kujera. Kuma laifin yarinyar ne, wa ya taɓa ganin an ɗora zarto a kan ƙusa? Haƙoransa za su lalace. In mutane suka gani sai su ce kafintan banza ne ubanta.

Wannan karon ba tarin da zai iya riƙe dariyar. Malamai suka kife a kan tebur. Doguwa ma sai da kafaɗarta ta girgiza, tana dariya tana share hawaye. Inna ta ce masa ya kife wayar nan ya zauna ya jira ta, akwai maganar hannun da ba ya zama wuri ɗaya da za su ƙarasa. Auta ta kashe wayar.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba.

Shugaba ta bari har ɗakin ya lafa. Ta mayar da tabarau. Ta ce yanzu ba sauran shakka, Doguwa ba ta da hannu ko kaɗan, kuma za a faɗa wa mutanen asibiti gaskiyar abin da ya faru. Ta ce ta ga uwa mai gaskiya yau, ta ga 'ya da ta gado ta. Amma ita ta yi magana a gaban malaman nan, kuma in ta lanƙwasa ta yau saboda dariya, gobe kowa zai miƙe ya kira sunan ɗan'uwansa yadda ya ga dama.

Ta buɗe tafin hannu.

"Malama, makullin ajinki."

Auta ta buɗe jaka. Ta ciro makullin nan mai igiyar da Inna ta kitsa mata da zare ja don kar ya ɓata. Ta ajiye shi a kan tebur, ƙararsa ta fito sarai. Ta ja da baya ta tsaya kusa da uwarta. Inna ba ta roƙa ba. Ta dai kama hannun 'yarta ta riƙe, ta ɗaga kai sama yadda take yi in an kira ta Innar Malama.

Kujera ta yi ƙara.

Doguwa ce ta miƙe da tsawonta. Ta laluba aljihun jakarta, ta tako har gaban tebur, ta ajiye nata makullin a gefen na Auta, har suna taɓa juna.

"Ranki ya daɗe, ni aka yi wa, kuma na yafe. In za ta sauka matakalar nan, tare za mu sauka."

Shugaba ta dubi Doguwa. Ta dubi Auta. Ta dubi tsohuwar da ke tsaye ƙarƙashin hoton tukunyarta.

Sannan ta miƙa hannu ta ɗauki makulli ɗaya. Na wa ta ɗauka, kuma me za ta yi da shi, sai a shafi na 10.